Abubakar Imam da Tolstoy: Gadon Marubuci da Bashin da Ya Rage

A watan Nuwamba na 1910 Leo Tolstoy ya rasu a gidan shugaban wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa mai suna Astapovo a ƙasar Rasha, yana da shekara 82. A shekarar da ta biyo baya aka haifi Abubakar Imam a Kagara, cikin Jihar Neja ta yanzu. Babu abin da ya haɗa mutanen nan biyu ta fuskar jini ko harshe ko addini, kuma duk wanda ya ɗora Yaƙi da Zaman Lafiya na Tolstoy a sikeli ɗaya da Ruwan Bagaja na Imam don ya ga wanda zai rinjaya, ya ɓata wa kansa lokaci. Amma akwai aiki guda da dukansu suka yi da hannunsu, wanda masu nazari ba su cika tsayawa a kansa ba. Kowannensu ya zauna ya rubuta wa yaron da ke koyon karatu abin da zai karanta, kuma kowannensu ya yi hakan ne da labaran da ya aro daga wasu al'ummu.

Ta wannan ƙofa nake so in shiga rayuwar Imam, domin a ganina mun daɗe muna yabonsa a kan abin da ba shi ne babban aikinsa ba, muna kuma zarginsa a kan abin da ba laifi ba ne. Gadonsa na haƙiƙa shi ne rubutun zube na Hausa da jama'ar da za ta karanta shi. Abin da bai samu sararin bar mana ba shi ne babban ƙagaggen labari a kan rayuwar talakan zamaninsa, kuma wannan giɓi, in aka tsaya a Dutse ko Kiyawa ko Jahun aka dube shi, har yau bai cike ba.

Tolstoy ɗan manyan gida ne. An haife shi a 1828 a Yasnaya Polyana, gandun iyayensa da ke kusa da birnin Tula, kudu da Mosko. Ya gaji ƙasa, ya gaji manoman da ke ɗaure da ita, waɗanda doka ba ta yarda su bar ubangidansu ba sai da aka 'yanta su a 1861. Ya yi soja a tsaunukan Kaukasas, ya kuma shaida yaƙin Kirimiya a Sebastopol a 1854 da 1855. Da ya koma gida, a 1859 ya buɗe wa 'ya'yan manoma makaranta, babu bulala babu tilas, shi da kansa yake shiga aji. A 1862 ya buga wata maƙala yana tambayar wa ya kamata ya koyi rubutu wajen wani, yaran ƙauye wajen marubuta ko marubuta wajen yaran ƙauye, hukuncinsa kuma ya faɗa ɓangaren yaran. Abin da ya fi wannan ban mamaki ya zo ne bayan 1869. Ya kammala Yaƙi da Zaman Lafiya, sunansa ya cika ƙasa, sai ya ajiye manyan labarai ya duƙufa haɗa littafin koyon karatu mai suna Azbuka, wanda ya fito a 1872. Bai karɓu ba da farko. Ya sake masa fasali ya fitar da shi a 1875, hukumar ilimi ta amince da shi, aka yi ta bugawa ana ƙarawa. A cikinsa da littattafan karatun da suka raka shi akwai tatsuniyoyin Girkawa na Isof, da labaran Indiya, da na Gabas, da na gargajiyar Rasha, duk ya sake zuba su cikin gajerun jimloli irin waɗanda ɗan manomi zai ji kamar a gidansu ake magana. Har yau ana buga wa yaran Rasha waɗannan labarai da sunansa.

Halin da Imam ya tarar ya bambanta, amma buƙatar iri ɗaya ce. Ƙasar Hausa ba baƙuwar rubutu ba ce. Tun kafin jihadi ake rubuta waƙa da ajami, kuma Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u da almajiransu sun kai wannan fanni inda ya kai. Sai dai zube, wato wasiƙa da tarihi da fiƙihu, galibinsa da Larabci ake yi. Labarin nishaɗi kuwa na baka ne, na dare, na tsofaffin mata da yara, kuma malamin da ya san darajar alƙalaminsa ba ya zama ya rubuta abin da bai faru ba. Da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sai aka fara samun yara masu iya haɗa baƙaƙen boko, amma abin karantawar ya yi ƙaranci ƙwarai. Don toshe wannan kafa aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya ta koma Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. A 1933 East ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su ƙaga labarai. Daga wannan gasa aka samu littattafai 5 da kowane ɗalibin Hausa ya haddace sunayensu: Ruwan Bagaja na Imam, Ganɗoki na yayansa Muhammadu Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam a lokacin yana da shekara 22, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba, yana koyarwa a Midil ta Katsina.

East ya ga abin da ke hannun saurayin, ya nemi a ba shi aron sa. A 1936 Imam ya zauna a Zariya wata 6, aka tara masa littattafan labarai na Larabci da na Turanci, ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin juzu'i 3 tsakanin 1937 da 1939, ɗauke da labarai fiye da 80. A nan ne maganar aro ta samo asali. Masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu sun bi diddigin labaran, sun nuna waɗanda suka fito daga Dare Dubu da Ɗaya, da Kalila wa Dimna, da tarin tatsuniyoyin Jamus na 'yan'uwan Grimm, da sauransu. Shi kansa Imam bai ɓoye cewa Muƙamatul Hariri ta yi tasiri a kan Ruwan Bagaja ba, kuma duk wanda ya san Abu Zaidi, mayaudarin nan mai zaƙin baki da ke ɓullowa a kowane gari da sabuwar kama, zai gane ɗan'uwansa a jikin Malam Zurƙe. Wannan bincike yana da amfani, ya kamata ma a faɗaɗa shi. Inda nake rabuwa da wasu shi ne inda suke ɗaukar sakamakonsa su mai da shi tuhuma, kamar an kama mutum da kayan wani a ɗakinsa.

A duba abu guda a kusa. Firam ɗin juzu'i na farko, wato aku mai ba da labari kowane dare don ya hana wani fita, tsohon abu ne. Asalinsa wani littafin Indiya ne na labaran aku 70, wanda Farisawa suka sake rubutawa da sunan Tuti Nama. A can, ɗan kasuwa ne ya yi tafiya ya bar matarsa, ita kuma kullum dare sai ta yi shirin zuwa wajen wani namiji, aku ya riƙe ta da labari har gari ya waye. Imam ya ɗauki ƙashin labarin ya jefar da naman. A wajensa wanda ake riƙewa ɗan sarki ne, Musa, wanda mahaifinsa Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi ya bar shi a gida, shi kuma zuciyarsa na tafasa yana so ya bi abokinsa Mahmudu fagen fama. A waje kuma akwai Waziri da ya ƙulla makirci yana jiran yaron ya leƙo. Da wannan sauyi guda labarin fasiƙanci ya koma labarin gadon sarauta, da amana, da cin amana, da yadda bara mai hikima yake sarrafa ɗan ubangidansa ba tare da ya ce masa a'a kai tsaye ba. Duk wanda ya taɓa zama a fadar hakimi ya san wannan dabara: ba a tare gaban mai iko, sai dai a ja shi da zance har zafin ya huce. Matsalar da Imam ya sa a tsakiyar littafinsa ta fadar Hausa ce tsantsa, ba ta Indiya ba. Wanda ya iya wannan juyi ya san al'ummarsa ciki da waje, kuma aikin nan shi ne daidai abin da Tolstoy ya yi wa Isof.

Amma ko wannan bai kai muhimmancin harshen ba. Kafin Imam, yawancin zuben boko da ake ba yara fassara ce, ana jin Turancin ko Larabcin yana motsi a ƙarƙashinta. Shi ne ya nuna cewa ana iya sa Hausar zaure a takarda ba tare da ta mutu ba. Ya san inda zai jera aikatau ɗaya bayan ɗaya har mai karatu ya ji gudun abin, ya san inda zai tsaya ya bar mutum biyu su yi musu kowa da irin bakinsa, bafade daban, baƙauye daban, Bature mai gurɓatacciyar Hausa daban. Ya san amfanin kirari da zambo da habaici, kuma yana saka karin magana a bakin wanda ya dace da ita a lokacin da ya dace. Duk wannan ya faru ne a shekarun da ake kan daidaita rubutun kansa, ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, ana kuma shigo da baƙaƙe masu lanƙwasa. Ƙa'idar rubutu hukuma ce ke yanke ta, amma ba ta zama jiki sai an samu littafin da mutane ke so su karanta a cikinta. Magana Jari Ce ne ya yi wa Hausar boko wannan hidima.

Sai jarida. A watan Janairu na 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam ne editanta na Hausa, ya kuma riƙe ta shekaru da dama. A nan masu karatunsa suka tashi daga yaran aji suka zama jama'a. A lokacin Dutse gunduma ce a ƙarƙashin Masarautar Kano, kamar Birnin Kudu da Jahun da Ringim, kuma masu karatun boko a irin waɗannan wurare ƙalilan ne: malamin makaranta, malamin haraji, malamin asibiti, magatakardan alƙali. Amma kofi guda na jarida ba mutum guda yake yi wa aiki ba. Bayan la'asar mai karatun zai zauna a ƙofar gida ko a zaure, mutane su kewaye shi, ya karanta labarin yaƙin Hitila da na sojojinmu a Bama da babbar murya, a tsayar da shi a yi gardama, a ce ya maimaita. Rubutun da za a karanta a bainar jama'a haka dole ya kasance mai daɗin ji a kunne, kuma Imam ya rubuta shi da sanin haka. Da Yaƙi da Jahilci ya kankama a shekarun 1950, aka kafa hukumar NORLA, aka riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Sodangi ta lardin Kano, harshen da aka yi amfani da shi wanda Imam ya riga ya share wa hanya ne. Tolstoy ma a tsakiyar shekarun 1880 ya sa hannu an kafa kamfanin ɗab'i mai suna Posrednik, wanda ke buga littattafai masu arha 'yan koli na kai su ƙauyuka. Dukansu sun gane cewa marubucin da jama'arsa ba ta karatu, aikinsa na farko shi ne ya samar da masu karatun.

Daga nan hanyoyinsu suka rabu, kuma rabuwar ce ta fi damuna.

Tolstoy ya rubuta littafin koyon karatu a tsakanin manyan labarai biyu. Yana gama Azbuka ya shiga Anna Karenina, wanda aka riƙa bugawa kashi-kashi a mujalla daga 1875 zuwa 1877. Mutane sun fi tuna littafin da matar auren da soyayya ta hallaka, amma kusan rabinsa labarin Lebin ne, mai gandu da ke fama da tambayar da ta hana Tolstoy barci: da wane haƙƙi mutum guda yake mallakar ƙasar da wasu ke nomawa? Akwai wurin da Lebin ya ɗauki lauje ya shiga sahun masu yankan ciyawa tun safe har yamma, kuma marubucin ya bi shi taki-taki, da gumi da ciwon baya da kunyar kada tsoho ya wuce shi, har mai karatu ya fahimci tazarar da ke tsakanin mai gona da ɗan ƙodago fiye da yadda kowace ƙididdiga za ta fahimtar da shi. Ya iya yin haka saboda yana da abin da ake bukata. Yana da gandu da ke ciyar da shi, yana da matarsa Sofiya da ke kwafe masa rubutu da hannu, akwai mujallu masu biyan kuɗi, akwai masu karatu da Pushkin da Gogol da Turgenev suka riga suka tarbiyyantar. Yana kuma da girman da ya sa ko da Cocin Rasha ta yanke hulɗa da shi a 1901, gwamnati ba ta iya taɓa shi ba.

Imam ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ma'aikaci ne mai albashi, mai buga littafinsa gwamnatin mulkin mallaka ce, editansa jami'in ilimi ne wanda abin da yake nema shi ne littafin aji, kuma sarakunan da za a taɓa idan aka rubuta gaskiyar ƙauye su ne ginshiƙin wannan mulki. Ba wai bai san abin da ke faruwa ba ne. A 1943 ya je Ingila cikin tawagar 'yan jaridun Afirka ta Yamma, tafiyar da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilimi. A can ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Nnamdi Azikiwe ya shirya, amma ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya kuma rubuta masa dogon bayani a kan illolin mulkin En'e: yadda talaka ba shi da hanyar kai kuka, yadda jami'an Turawa ba sa jin komai sai ta bakin masu sarauta, yadda ake wa matasa masu ilimi kallon 'yan tawaye. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, ya shiga majalisa, daga baya ya yi shekaru a Hukumar Ɗaukar Ma'aikata ta Arewa. Littattafansa na baya sun karkata ga addini da tarihi, irin su Tarihin Annabi da Sayyidina Abubakar. Har ya rasu a Zariya a watan Yuni na 1981 bai koma ga dogon ƙagaggen labari ba.

Ma'anar wannan ita ce, sanin da Imam ya yi wa zaluncin zamaninsa ya tafi cikin wasiƙa da sharhin jarida da zauren majalisa, bai shiga adabinsa ba sai a kaikaice. A Magana Jari Ce akwai azzalumai, akwai alƙalai masu kwaɗayi, akwai fadawa maƙaryata, amma ginin duniyar littafin bai girgiza ba. Matsala mugun waziri ce, magani kuma waziri nagari. Talaka yakan fito ko dai wawa abin dariya ko mai wayo da ya tsira da dabararsa. Ba mu taɓa zama da shi tsawon damina guda ba, daga ranar da dagaci ya zo da takardar haraji zuwa ranar da ya kai gyaɗarsa kan sikelin ɗan baranda. A cikin littattafan 1933, Shaihu Umar ne ya fi kusantar wannan nauyi, da uwar da ta bi sawun ɗanta har hamada ta faɗa hannun masu cinikin bayi, amma shi ma ya ajiye labarinsa a zamanin da ya wuce, inda ba zai ɓata wa mai mulkin yau rai ba.

Za a iya cewa ina neman Imam da abin da ba na al'adarsa ba. Dogon labari irin na Tolstoy tsiro ne na Turai, mu kuwa waƙa ce ke ɗaukar mana wannan kaya. Akwai gaskiya a nan, kuma mu mutanen Jigawa mun fi kowa sanin haka, tunda Mu'azu Haɗeja namu ne, kuma waƙoƙinsa sun faɗa wa al'umma abin da zube bai faɗa ba. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun yi siyasa da baiti a lokacin da yin hakan ke iya kai mutum gidan yari. Sai dai aikin waƙa daban ne. Waƙa tana yanke hukunci, tana kira, tana zaburarwa. Abin da dogon labari yake yi wanda ita ba ta yi shi ne ya zaunar da kai a gidan hakimi har ka fahimci tsoronsa na kada harajin gundumarsa ya gaza a tuɓe shi, sannan ya kai ka gidan manomin da aka ƙwace wa akuya saboda wannan tsoron, ya bar ka da su biyun a zuciya. Al'ummar da ba ta da irin wannan rubutu tana iya sanin wanda ya yi laifi, amma da wuya ta san yadda laifin yake haifuwa a cikin mutanen da ba su fi kowa mugunta ba.

Waɗanda suka biyo bayan Imam sun cike wani ɓangare na giɓin. Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo ya bi ɗan ƙauyen da birni ya ruɗa. Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina sun taɓa fasa-ƙwauri da cin hanci da siyasar jam'iyyu, Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare kuma ya shigo da duniyar 'yan ta'adda. Daga tsakiyar shekarun 1980 marubuta suka daina jiran kamfanin ɗab'i suka fara buga nasu, mata suka shigo da ƙarfi. Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila, ta buɗe ƙofar tsakar gida ta nuna abin da ke ciki, da kishi da saki da auren dole da wahalar uwa da 'ya'ya, ba tare da ta ɓoye shi a bayan wata ƙasa ta almara ba. A muhawarar da aka yi ta tafkawa a jaridu a shekarun 1990 kan abin da aka kira Adabin Kasuwar Kano, sau da yawa an ɗaga sunan Imam don a nuna ƙanƙantar waɗannan marubuta. A ganina wannan zalunci ne gare shi da gare su. Yarinyar da ke karɓar hayar littafi a Kano ko Dutse, da wadda yau take karanta labari a wayarta shafi-shafi, jikokin masu sauraron Gaskiya Ta Fi Kwabo ne. Burin Imam shi ne Bahaushe ya karanta Hausa don yana so, kuma a hannun waɗannan marubuta burin ya cika.

Abin da har yanzu ya yi ƙaranci shi ne labarin gona da kotu da kasuwa, kuma tsakiyar Jigawa cike take da kayan wannan labari. A shekarar da Imam ya rasu ne Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga Dutse ta zama masarauta, aka soke hakan bayan ɗan lokaci, sannan a 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiri Jihar Jigawa, garin da ke maƙale a gindin duwatsu a Garu ya wayi gari babban birnin jiha. Mutum guda da aka haifa a 1940 ya ga haraji da jangali, ya ga yadda ake ɗaure 'yan NEPU, ya ga zamanin dalar gyaɗa da faɗuwarta, ya ga fari na shekarun 1970, ya ga gonar gero ta zama sakatariya da rukunin gidaje, ya karɓi diyya ko bai karɓa ba, ya ga 'ya'yansa sun tafi cirani Legas da Fatakwal. Maƙwabcinsa na Ringim ko Miga ya ga ruwa ya cinye shinkafarsa a 2020 ya sake cinyewa a 2022. A Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, a watan Oktoba na 2024, tankar mai ta faɗi, mutane suka fito kwasa, wuta ta kama, fiye da mutum 150 suka rasu. Jarida ta ba da adadin, malamai sun yi wa'azi a kan kwaɗayi, amma tambayar abin da ke fitar da magidanci daga ɗakinsa cikin dare da bokiti a hannu, ya nufi abin da ya san yana iya kashe shi, ba ta amsuwa a shafi guda. Tana bukatar wanda zai bi gidan nan shekara 10 baya, ya nuna bashin taki, da kuɗin magani, da farashin mudu. A zamanin Gwamna Sule Lamido an yi Taron Talakawa a Dutse, inda aka ba masu ƙaramin ƙarfi makirufo suka faɗi halin da suke ciki a gaban manya. Kowace murya a wannan taro babi ce da ba a rubuta ba.

Akwai kuma bashin da ke kanmu game da shi Imam ɗin. Rashawa sun tattara duk abin da Tolstoy ya rubuta, da wasiƙu da littafin tarihin kwanakinsa da zubin farko na labaransa, suka buga cikin juzu'i 90 tsakanin 1928 da 1958. Mu kuwa ɗalibinmu ya san Imam ne ta littafi biyu da yake haddace sunayen taurarinsu don jarrabawa. Akwai tarihin rayuwarsa da Abdurrahman Mora ya tace aka buga a 1989, amma da Turanci yake. Akwai Adabin Abubakar Imam na Malumfashi da kundayen digiri masu yawa. Abin da ake bukata a kan waɗannan shi ne bugun Magana Jari Ce mai sharhi, wanda zai ajiye kowane labari kusa da tushensa don ɗalibi ya ga da idonsa abin da aka ɗauka da abin da aka sauya, kamar yadda muka gani a labarin aku. Sannan a tattaro sharhunansa na Gaskiya Ta Fi Kwabo daga tsofaffin kofen da ke ajiye a ɗakunan adana tarihi, domin a can ne Imam mai ra'ayi yake, wanda ya yi gardama a kan ilimin mata da mulkin En'e da makomar Arewa. Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa ba su da tsohon tarihi irin na Bayero ko Ahmadu Bello, amma wannan aiki ba ya bukatar tsufa, yana bukatar malamai biyu ko uku, da ɗalibai masu haƙurin kwafa, da na'urar ɗaukar hoton takarda. Juzu'in farko ya kamata ya ɗauki shekarun yaƙi, 1939 zuwa 1945, kuma a haɗa da wasiƙun masu karatu da aka buga a shafukan jaridar, da sunayen garuruwan da suka fito, don a ga daga ina aka fara ba Imam amsa.